Ranar da Goggo Ta Fito da Tukunya

Goggo Saudatu yayar mahaifina ce, kuma tun kafin a haife ni take zaune a Birmingham. Da na samu gurbin karatu a can, ko shawara ba a yi da ni ba, Baba ya ce gidan yayarsa zan zauna, ya rufe maganar. Na zo ina tsammanin zan tarar da tsohuwar da Turai ta cinye, sai na tarar da 'yar Malumfashi sak, wadda har yanzu in ta ga an zuba ƙanzon shinkafa a bola sai ta yi salati ta dafe ƙirji.

Gidanta a Small Heath yake, cikin siraran gidajen nan da ke jingine da juna. A baya akwai ɗan fili mai tsawo, da igiyar shanya, da ɗan ɗakin katako na ajiye tarkace. Ita tsakar gida take ce masa, ni ma haka na saba. Mijinta, Malam Abdulsalami, karatu ne ya kawo shi, karatun ya ƙare, komawa gida ba ta yiwu ba, ya kama tuƙin bas har Allah ya karɓi abinsa. Ita kuwa ta yi shekaru tana girki a kicin ɗin wata firamare, tana zuba wa 'ya'yan mutane dankali da wake. Ta ce min duk tsawon aikin nan ba ta taɓa tsokanar yaro ko ɗaya ba, don tun ranar farko aka ja wa ma'aikatan kicin ɗin kunne.

"Murmushi kawai, da *there you go, love*," in ji ta. "Wallahi har bakina ya yi tsami."

Wanda ya san Goggo ya san wannan ba ƙaramar azaba ba ce. Mace ce da ba ta iya ganin mutum ta ƙyale shi. Ni tun ranar da na ƙona mata shinkafa ta raɗa min Farfesa, kuma ko a gaban baƙi haka take kirana. Na sha yin fushi, fushin bai taɓa kai ni ko'ina ba, don tana gama yi min dariya za ta tura min naman da ya fi tsoka.

Ɗanta ɗaya ne, Imran, shi ne na fari shi ne auta. Saboda kunyar ɗan fari ba ta faɗin sunansa, sai dai "yaron nan", ko da yake yanzu ya fara furfura a gemu. Ba ta taɓa rungumarsa a gaban mutane ba, ba ta yabonsa in yana wurin. Shi kuma a nan ya tashi, cikin yaran da iyayensu ke sumbatarsu a ƙofar makaranta, don haka ya ɗauka mahaifiyarsa haka Allah ya yi ta, ba ta da sakin jiki. Bai taɓa zama da kaka ba balle ya ga ɗaya gefen abin. Yanzu yana Manchester, yana aiki da council, wato hukumar birnin, suna zaune a Cheetham Hill shi da matarsa Delight, ma'aikaciyar jinya ce, da 'yarsu Inaya mai shekara takwas.

Goggo kuwa a hannun kaka ta tashi. Iya Hajara, in ji ta, ba ta taɓa kiranta Saudatu ba, Ƙafar Sauro take ce mata. Kullum sai ta yi alkawarin kai ta kasuwa ta musanya ta da akuya, ita kuma ta rama da cewa wa zai saurari tsohuwar da ba ta da haƙori. A haka suke yini, da daddare kuma a bayan tsohuwar take barci. Wannan shi ne abin da Goggo ta sani da sunan ƙauna. Duk abin da kunya ta hana ta nuna wa ɗanta ta tara shi ta ajiye, tana jiran ranar da za ta yi jika.

Jikar ta zo, sai dai da Turancin Manchester a bakinta. A sallar da ta wuce da suka zo yini, Goggo ta ja ta jikinta, ta dube ta sama da ƙasa, ta ce mata da Turanci tsaf, don kada ma ta kasa ganewa, za ta kai ta Nijeriya ta musanya ta da akuya, tunda akuya ko ba komai tana ba da nono. Inaya ta yi tsuru. Ba ta yi kuka a nan ba, sai a mota, kuma an ce ta yi kwanaki tana tambayar ko da gaske ana sayar da yara a Nijeriya. Imran ya bugo waya ransa a ɓace.

"Mama, ba a yi wa yara haka. She's a child, ta ɗauka da gaske kike."

"Wasa ne fa. Jikata ce."

"To ita ba ta ga wasa ba."

Daga nan aka daina kawo ta. Watanni Goggo tana ganin yarinyar a fuskar waya kawai, ita ma a tsaye, tana ɓuya a bayan uwarta. Abin ya ci ta ƙwarai, ko da yake ba ta faɗa. Sai da hutun tsakiyar zango ya zo, Delight tana aiki, Imran yana aiki, sannan aka yarda Inaya ta zo ta yi kwanaki. Delight ce ma ta sa baki. Amma Imran ya gindaya sharaɗi a gabana: in yarinyar ta bugo ta ce a zo a ɗauke ta, zai zo, kuma ba za a sake maganar kwana ba sai ta girma.

Goggo ta share gidan nan kamar za a kawo amarya. Ta wanke labule, ta sayo biskit kala-kala, ta goge gilashin ƙofar baya da ruwan tsami da tsohuwar jarida har sai da na kusa shigewa ta cikinsa. Ta kuma sa ni alkawari.

"Farfesa, in kin ga bakina zai kuɓuce, ki taka min ƙafa."

Ranar farko lafiya lau. Goggo ta zama wata salihar baiwar Allah da ban sani ba, komai *yes, love*, komai *well done*. Ni har abin ya fara ba ni haushi. Inaya ta ci abinci, ta yi godiya kamar baƙuwa a otal, ta hau sama da wuri.

Washegari da hantsi ina ɗaki ina fama da babin da malamina ya dawo min da shi jajir da gyara, sai na ji Inaya tana kirana daga tsakar gida. Na sauko na tarar da ita a tsugune ƙarƙashin igiyar shanya. A gabanta kurciya ce irin ta ƙasar nan, ƙatuwa kamar budurwar kaza, mai farin tabo a wuya. Ta kumbura gashinta, ido ɗaya a rufe, kanta ya karkace gefe, baki a ɗan buɗe tana numfashi da ƙyar. Ko da Inaya ta matsa kusa ba ta motsa ba.

Goggo ta leƙo ta bayana tana goge hannu. Ta ga tsuntsuwa mai ƙiba, ta ga jikarta ta zuba mata ido kamar za ta yi kuka, kuma ni ina nesa da ƙafarta.

"Kai, masha Allah!" ta ce. "Inaya, you caught our dinner. Wannan ai farfesu ne, pepper soup. Farfesa, miƙo wuƙa."

Tana rufe baki ta san abin da ta yi. Na ga hannunta ya tashi zuwa leɓenta. Inaya ta juyo a hankali, ta dube ta, ta matsa ta shiga tsakanin kakarta da kurciyar, ta buɗe hannuwa.

Da Goggo ta tsaya a nan, da wataƙila an lallaɓa. Amma tana so ta gyara, kuma gyaran da ta sani ɗaya ne. A gida, in ɗan tsako ya suma, kife shi ake yi da ƙwarya a riƙa bugun bayanta har ya farfaɗo. Ta yi wa 'yan tsakin Iya Hajara haka ba adadi. To ina ƙwarya a Small Heath? Ta faɗa kicin da sauri, sai ga ta ta fito da babbar tukunyar da muke dafa taliya a hannu ɗaya, ludayi a ɗaya hannun.

Ihun da yarinyar nan ta yi, na tabbata an ji shi har bakin titi. Maƙwabcinmu ya ɗaga taga. Goggo ta tsaya cak da tukunya, tana cewa, "A'a, a'a, ba dafawa ba, bugawa zan yi, I'm only going to beat it," wanda ya ƙara dagula komai.

"Goggo, don Allah koma ciki!" na daka mata tsawa. Ban taɓa ɗaga mata murya ba sai ran nan, kuma ko kallon banza ba ta yi min ba, ta juya ta shige.

Inaya ta ce in ba ta wayata, babanta za ta kira. Tata wayar tana sama, kuma ba za ta bar kurciyar ko na ƙiftawar ido ba ta je ɗauko ta. Wannan ne kawai ya cece mu. Na ce mata to, amma mu fara kiran masu kula da tsuntsaye, don babanki yana Manchester, ita kuwa wannan yanzu take buƙatar taimako. Ta yi tunani, ta gyaɗa kai.

Na nemo lambar wata cibiya da ke karɓar namun daji marasa lafiya, na sa wayar a fili kowa ya ji. Wata mata ta ɗauka, mai murya kamar ta gaji da duniya amma ba ta gaji da tsuntsaye ba. Ta tambaya ko akwai jini, ko fiffike ya saki, muka ce babu. Ta ce ko akwai taga a kusa, mu duba gilashin. Muka juya gaba ɗaya. A jikin ƙofar baya, daidai saman kan Goggo da ke tsaye a ciki tana leƙenmu, ga shatin tsuntsuwa nan fari-fari kamar an buga da gari, har da fikafikai a buɗe. Gilashin da aka goge saboda zuwan Inaya shi kurciyar ta ɗauka hanya ce.

Matar ta ce mu sa safar hannu, mu saka ta a kwali mai huji da tawul a ƙasa, mu ajiye a wuri mai duhu da shiru da ɗan ɗumi. Kada a ɗura mata ruwa, kada a ba ta abinci, kada a yi ta buɗewa, mu kuma wanke hannu sosai. Zuwa yamma mu gwada ta, in ba ta tashi ba mu kawo musu. Sannan ta ƙara da abin da na so a ce ta bar shi a cikinta: wasu suna warwarewa, wasu kuwa jini ne ke zuba a cikin kai, sai dai a buɗe kwali a tarar sun tafi.

Muka sa kwalin a ɗakin katako. Inaya ta jawo bokiti ta kife a bakin ƙofar ta zauna, ta sa rigar sanyi har wuya. Ta kafa doka: ni zan iya zuwa, Grandma kuwa kada ta taka tsakar gidan. Maganar kiran babanta ta ce sai an ga yadda kurciyar ta yi.

Na shiga kicin na tarar da Goggo a zaune kan kujera, tukunyar a cinyarta har yanzu.

"Mubaraka," ta ce. Rabon da ta kira ni da sunana har na manta. "In tsuntsuwar nan ta mutu, yarinyar nan har ta tsufa za ta ce ni ce. Ko ban taɓa ta ba, ni ce."

Na so in ce ai ke kika jawo, don maganar tana kan harshena. Amma na dubi fuskarta na haɗiye. Tausayinta ya kama ni sosai.

Ran nan ba a ɗora girkin rana a gidan ba. Goggo ta ce ko albasa ba za ta yanka ba, kada yarinyar ta ji ƙarar wuƙa a kan katako ta ɗauka wani abu ne. Burodi da shayi na kai wa Inaya, ta ce ba ta ci. Can Goggo ta cika robar ruwan zafin da take gasa gwiwarta da ita, ta naɗe da tsohon ɗankwali, ta ce in kai a jingina a gefen kwalin, kada in ce daga wurinta ne. Inaya ta gane ɗankwalin sarai. Ta jujjuya shi, ta shinshina, ta karɓa ta jingina a gefen kwalin.

Na zauna kusa da ita a kan bulo, babina yana can sama yana jirana. Na yi mata bayanin ƙwarya da ɗan tsako. Ta dube ni kamar na zare.

"Kanta ke ciwo," ta ce da Turanci. "Wa zai buga wa mai ciwon kai ganga?"

Na koma kan ɗaya maganar, na ce a wurinmu kaka da jika haka suke, tsokana ce, wanda aka fi so shi aka fi yi wa. Na ba ta labarin Iya Hajara da Ƙafar Sauro. Ta saurara, tana wasa da zip ɗin rigarta, sannan ta ce, to me zai sa mutum ya faɗi abin da ba ya nufi? Ni da nake rubuta kundin digiri na uku, iyakar abin da na ce shi ne, haka dai muka tarar.

Bayan azahar sai ga kyanwar maƙwabta, wata jibgegiya mai ruwan toka, tana takowa a kan katanga, hancinta ya nufi ɗakin katako. Mu ba mu ma gan ta ba. Goggo da ke gadin taga ce ta gani. Doka ta hana ta fitowa, don haka ta buɗe ƙofa, ta tsaya a kan dokin ƙofar daidai, ta cire silifa ɗaya ta wurga da iya ƙarfinta. Ko kusa da kyanwar bai je ba. Ya haye katanga ya faɗa gidan maƙwabta, muka ji ya daki wani abu mai ƙara. Kyanwar dai ta tsorata ta dire. Goggo ta tsaya da takalmi ɗaya, ƙafa ɗaya a sama saboda sanyin siminti. Na ga kumatun Inaya sun motsa, ta yi maza ta sunkuyar da kai cikin rigarta.

Da na shiga yin alwala na ji Goggo a kan sallaya tana roƙo ƙasa-ƙasa. Matar da ta fige kajin da ba za su ƙirgu ba, yau ita ce take ce wa Ubangiji Shi ya halicci tsuntsuwar nan, Shi ya san inda ke mata ciwo, Ya dube ta. Ban yi dariya ba, na ce amin.

Ana gab da la'asar muka ji karce-karce a cikin kwalin. Inaya ta miƙe zumbur. Na sa safa na ɗauko shi, na kai ƙarshen tsakar gida, nesa da gilashin, wanda Goggo ta riga ta rataya wa zani ta ciki. Na buɗe murfin na ja da baya.

Kurciyar ba ta yi komai ba. Ta zauna tana kallonmu da ido biyu a buɗe, kanta a miƙe, amma ko gezau. Muka tsaya har ƙafata ta fara sanyi. A raina na fara lissafin bas ɗin da zai kai mu cibiyar nan, da abin da zan ce wa Imran. Sai ta yunƙura ta hau bakin kwalin, ta yi tangaɗi, ta zubar da kashi a kan tawul ɗin Goggo, ta karkaɗe jiki. Sannan ta buga fikafikai da ƙarar nan tasu kamar ana kaɗe tabarma, ta haye rufin ɗakin katako. Ta ɗan huta a can, ta sake tashi, ta bi ta saman gidajen ta ɓace.

Inaya tana tsalle tana nuna sama. Da muka juyo, Goggo tana zaune daɓas a dokin ƙofa, ƙafa ɗaya ba takalmi, ta rufe fuska da gefen mayafinta, kafaɗunta suna rawa. Alhamdulillahi kawai take maimaitawa. Inaya ta daina tsalle. Ta daɗe tana kallonta, irin kallon da yara ke yi wa babba in sun ga yana kuka. Ba ta je ta rungume ta ba. Ta dai zo ta raɓa ta gefenta za ta shiga ciki, ta tsaya, ta ce yunwa take ji kamar ta mutu, akwai abinci?

Goggo ta tashi da saurin da gwiwarta ba ta yarda da shi ba.

Muna cikin cin indomi da ƙwai Imran ya bugo, kamar yadda ya saba in ya tashi daga aiki. Na miƙa wa Inaya wayar. Goggo ta ajiye cokali. Yarinyar ta kwashe labari tun daga farko, ba ta rage komai ba, har farfesun, har wuƙar, har tukunyar. Sannan muryar Imran ta fito a hankali, yana tambayarta ko tana so ya zo ya ɗauke ta yau.

Inaya ta ɗago ta dubi kakarta, ta ɗan karkata kai tana auna ta.

"No, she's all right, Dad," ta ce. "She's just really, really rude. And she can't throw."

Goggo ta damƙe hannuna har sai da na ji zafi.

"Kin ji?" ta ce da raɗa, idonta ya sake cikowa. "Wai ba ni da kunya. Wai ban iya jifa ba. Farfesa, zagina ta yi! Jikata ce ta zage ni!"

Na ga bakinta ya fara motsi, na san akwai magana a kan hancin yarinyar da ta daɗe tana ajiye da ita. Na kai ƙafa zan taka ta, ta janye tata.

"Bar ni," ta ce, tana share ido tana dariya. "Yau ta ci. Gobe zan rama."

Goben kuwa ta samu, don Imran bai zo ba sai ranar Lahadi.